Mai Silimar Gazawa da Buhunan Aya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kaka ya riga mu, mu ma muna kan hanya.

Kakana ne, mahaifin babana. Ya rasu bayan an gama yankan gero, da hantsi, a kan tabarmarsa ta zaure, bayan ciwon ƙirjin da bai daɗe yana fama da shi ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Gazawa duk ta fito, mutane sun zo daga Agye da Tasawa, wasu har daga tsallaken iyaka inda asalin danginmu yake. Ban taɓa ganin takalma a ƙofar gidanmu kamar na ranar ba.

Ni ina cikin gida wajen mata, amma ni ce mai miƙa ruwa da abincin sadaka a bakin zaure, don haka kunnena ya sha magana. Wannan ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho, mutum ne mai zumunci." Gaskiya ne. Wancan ya ce, "Bai taɓa barin sahun farko ba." Shi ma gaskiya ne. Sai wani mai babbar riga ya gyara murya ya ce, "Manomi ne na ƙwarai." Nan fa na kusa sakin kwanon da ke hannuna. Manomi? Kaka? Mutumin da in uba yana son ya zagi ɗansa da lalaci a garin nan sai ya ce, gonarka ta koma ta mai silima? Ƙuduji ya fi gero yawa a cikinta, shi da kansa ke fara dariyar abin.

Aka yi ta zaman makoki, ban ji namiji ɗaya ya buɗe baki ya ce silima ba. Kowa ya zo kusa da kalmar sai ya tattare riga ya bi ta gefe kamar mai tsallake kwata. Abin da ya fi ƙona mini rai, a kan me suke zaune? Bencinan gidan silimar Kaka ne aka kwaso aka jera a ƙofar gida. Wasu daga cikinsu da za su ɗaga riga su duba, za su ga sunansu da suka sassaƙa da ƙusa suna samari.

Mutum ɗaya ce ta faɗa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, daga wani ƙauye arewa da mu, ta shigo cikin gida da ƙurar hanya a ƙafarta, ta durƙusa gaban Gwaggo, ɗiyar Kaka, ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi jiƙan mai silima! Wa za ya ƙara ba mu dariya ran kasuwa?"

Wata ta ce, "Haba Iya, wurin makoki ne fa."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To da wurin suna na ce miki? Ba ke ba ce kike zama bayana kina ɓarar gyaɗa kina zuba mini ɓawo a zane?"

Tun da aka yi rasuwar hawaye ya ƙi zo mini, sai a lokacin. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Kafin a tashi makoki Baffa ya tara mu. Baffa shi ne babban ɗan Kaka, wan mahaifina. Alhaji ne, fataucin aya yake yi, ya saya a ƙauyuka ya tara, in ta yi daraja ya tura kudu. Ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce. Amma tun yana yaro yake jin kunyar a kira shi ɗan mai silima, kuma tun da ya mallaki hankalin kansa bai ƙara taka ginin ba.

Ya ce, "Ginin can na bakin kasuwa ya faɗo a rabona, magaza za ya zama, ɗakin ajiyar kaya. Aya ta fito, ba ni da wurin zubawa. Bencinan kuma na ba makarantar allo sadaka, ko Allah shi sassauta mishi."

Na ce, "Shi sassauta mishi mi, Baffa?"

Ya ce, "Ke ma kin sani."

"Wallahi ban sani ba. Faɗa mini abin da ya yi."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Baffa ya dube ni ya ce, "Ke jika ce. Ubanki ya riga shi tafiya. Ba ki da ko tubali ɗaya a ginin nan."

Gaskiya ya faɗa, shari'a ce, ban ja da ita ba. Tubali nasa ne. Amma ni na tashi a gidan nan tun rasuwar babana, ni na san abin da ake yi a cikin ginin can, kuma ba zan zuba ido a cika shi da buhuna a ce ba a taɓa yin komai a ciki ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Kaka yana saurayi ya bi motar gyaɗa zuwa Maraɗi, can ya fara ganin majigi a jikin bango. Ya ce ya dawo gida da ciwon da bai taɓa neman maganinsa ba. Da tsohon majigi ya fara, wanda ke yanke fim ya ƙone shi. Daga baya ya koma kaset da tele da gurup, injin wutar nan mai hayaƙi da ke toshe kunne. A ƙarshe ya samo ƙaramin majigin zamani wanda bai fi kwanon sha girma ba. Na'ura ta yi ta sauyawa, ginin dai shi ne: ƙasa, rufin kwano, tagogi an toshe su da tsofaffin barguna, bangon gaba ana shafa masa farar ƙasa duk shekara. Zana ta raba ɗakin biyu, maza dama, mata hagu. Kuma da rana yake nunawa, ranar kasuwa, daga bayan azahar. In aka ce ya riƙa yi da dare kamar na birni sai ya ce, "Wanda za ya yi kallo shi zo rana tsaka kowa na ganinshi. Ni ban da abin ɓoyo."

Yana da hula. Duk Gazawa ta san hular nan. Yana zaune kusa da majigi, in aka zo wurin da bai dace ba, rawa ce ta wuce gona da iri ko sutura ta gaza, sai ya tuɓe hular ya kifa a bakin majigin, bango ya yi duhu, murya kaɗai ake ji. Samari su yi ta ihu, "Hula ta sauka! Tsoho, a ɗaga hula!" Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya leƙa ta ƙasan hular ya ga an wuce wurin sannan ya ɗaga. Na taɓa tsokanarsa, irin wasan jika da kaka, na ce, "Angona, to kai da kake leƙawa fa?" Ya ce, "Amarya, likita ba ya rufe ido."

Amma abin da ya bambanta shi da kowa shi ne shari'a. Haka ya sa mata suna. In fim ya zo daidai inda ya yi zafi, kowa ya miƙa wuya, sai Kaka ya tsayar da shi cak. Ya tashi ya janye bargon taga ɗaya, haske ya shigo, ya juyo ya fuskanci mutane ya ce, "To jama'a, wa ke da gaskiya?"

Wayyo, ka zo ka ji gardama. Ina tuna wani fim da ɗa ya tafi birni ya yi arziki ya bar uwarsa a ƙauye, ita kuma ta ƙi karɓar aikensa. Mahaucin kasuwa ya miƙe ya ce uwar ce ke da girman kai, ɗa ya aiko ai ya yi. Daga bayan zana wata mai sayar da man gyaɗa ta ce, "Kai rufe mana baki! Aike ne ya yi naƙudarshi?" Mata suka ɗauki guɗa, maza suka ce ba su yarda ba, aka yi ta yi kamar za a ba hammata iska. Akwai wani Bafillace da ya kawo rago kasuwa, yana zaune a ƙarshen benci da sandarsa, bai ce uffan ba. Kaka ya ce, "Kai baƙo, mi ka gani?" Ya yi tunani, sannan ya ce, "Ni dai saniyar nan da anka nuna bayan gidan tsohuwa, ba ta ƙoshi ba." Ɗakin ya kwashe da dariya har wasu na faɗowa daga benci. Kaka ya shekara yana ba da labarin nan, kuma kullum sai ya ƙara da cewa Bafillacen ya fi kowa gaskiya, don da ɗan yana zuwa gida da saniyar ba ta rame ba.

Yakan ce, "Fim rabi ne. Ɗaya rabin yana bakin mutane."

Rigimarsa da Liman kuwa tsohuwa ce. Tare suka yi karatun allo, tare aka yi musu kaciya, kowa ya san lagon ɗan'uwansa. Wata Juma'a Liman ya hau ya yi wa'azi a kan gidajen da ke shagaltar da bayin Allah, bai kama suna ba, amma duk masallacin ya juyo yana kallon Kaka. Da aka sallame Kaka ya tsaya a bakin ƙofa har Liman ya fito.

Ya ce, "Malam, ran kasuwa da la'asar, wa ke cika maka masallaci?"

Don kowa ya sani, da an ce Allahu akbar Kaka yake kashe majigi, ko da takobi na wuyan jarumi ne, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya kora kowa, babba da yaro, har ɗakin ya zama wayam.

Liman ya ce, "Kana koro mini su, ina sallamewa su koma wurinka da gudu."

Kaka ya ce, "To ka riƙe su mana in ka iya. Ni dai nawa ba su gyangyaɗi."

Damina guda ba su yi magana ba. Ba wanda ya sulhunta su, ranar salla ce kawai aka ga Kaka ya aika masa da cinyar rago, shi kuma ya aiko da goro, shi ke nan aka ci gaba da gaisawa ana harara. Liman ne ya yi wa Kaka wanka, waɗanda suke wurin sun ce sai da aka riƙe shi. Shi ma bai ambaci silima a makoki ba, amma shi ina yi masa uzuri. Bai taɓa zama a kan bencin nan ba, kuma abin da ya faɗa a bayan idon Kaka shi ya faɗa a gabansa.

Lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da 'ya'ya biyu da keken ɗinki. Na shige ɗaki na ƙi fita, don na san bakin garinmu. Kaka bai tambaye ni abin da ya faru ba, bai kuma yi mini nasiha ba. Wata ranar kasuwa ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Amarya, hannuna ya fara rawa, ban iya saita majigin nan. Taso ki kama mini." Na taso don tausayi. Ya koya mini yadda ake haɗa waya, yadda ake daidaita hoto, inda ake tsayarwa. Ya zaunar da ni a gaban kowa, ɓangaren mata, inda duk mai son gulma sai dai ta yi a kan idona. Kafin wata ya ƙare matan da nake jin tsoron bakinsu su ke kawo mini ɗinki. Sai daga baya na lura da shi yana zura zare a allura yana gyaran hularsa, hannun nan ko motsi ba ya yi.

Sai shekarar korona ta zo. Hukuma ta ce a rufe wuraren taro. Mutane da yawa a nan sun ce ƙarya ce, ciwon masu hawa jirgi ne. Kowa ya zaci Kaka, da taurin kansa, sai jandarma sun zo sun fitar da shi. Ina! Tun kafin su zo ya ja ƙofa ya rufe. Samari suka zo suna roƙo, a riƙa yi a ɓoye, ba mai ji. Ya ce, "Na ga shekarar sanƙarau. Da hannuna na rufe 'ya'yana biyu cikin sati guda. Ana gardama da mutum, ba a gardama da annoba." Duk ranar kasuwa dai sai ya ɗaura takunkumi ya je shi kaɗai ya share ɗakin, ya kakkaɓe barguna, ya goge bencina, ya kulle ya dawo.

Da aka ce a buɗe, muka buɗe. Muka jira. Mutane ba su dawo ba.

A zaman da aka yi kowa ya koyi wani abu. Akwai masu butik, ƙananan shaguna, a bakin tasha da ke zuba wa mutum fim a salula, ya tafi da abinsa a aljihu. Wata rana muna dawowa daga kasuwa muka ga samari a gindin bishiyar bedi, kowa ya duƙufa a kan tafin hannunsa, waya a kunne, ɗaya yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Kaka ya tsaya ya dogara sanda ya ce, "Dubi, amarya. Mutum na dariya shi ɗaya. A zamaninmu wanda ke haka wajen mai magani ake kai shi."

Akwai ranar da ba zan manta ba. Mu biyu ne a ɗakin, sai wata akuya da ta shigo neman inuwa. Na ce mu kashe mu tafi gida. Ya ce a'a, an sa fim sai an gama. Da aka zo wurin shari'a ya tsayar, ya tashi ya janye bargo, ya juyo ga bencinan da ba kowa ya ce, "To jama'a, wa ke da gaskiya?" Ya tsaya yana jira kamar da gaske wani zai amsa. Raina ya ɓaci, ban san ko da shi nake fushi ko da garin ba, na fita na bar shi.

A kwanakin ne Baffa ya fara maganar magaza. Ya zo zaure ya ce, "Baba, rediyo ma na faɗi, a manyan birane gidajen silima rufewa suke. Zamani ya wuce wurin. Ka huta hakanan."

Kaka ya ce, "In na mutu ka zuba ayarka. Yanzu dai ina numfashi."

Baffa yana riƙe da maganar nan har yau, yana cewa wasiyya ce. Ni ma ina wurin, na ji ta da kunnena. Amma duk wanda ya san Kaka ya san gatse, kuma ya san abin da ya yi bayan nan, wanda ba aikin mai shirin miƙa wuya ba ne.

Gonar nan tasa mai ƙuduji ya sayar. Ya sayo faifan sola aka kafa a kan rufi, da manyan batura, ya sa kafinta ya yi masa dogon katako mai ramukan caji tun daga wannan kusurwa har waccan. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu ba su da wuta, duk ranar kasuwa da matattun salula suke zuwa, nasu da na maƙwabta, a ɗaure cikin leda. Kaka ya sa aka yi shela: duk wanda ya shiga kallo, cajinsa kyauta ne. Sharaɗi ɗaya, a bakin ƙofa za ka miƙa salularka, kuma ba ta dawowa hannunka sai fim ya ƙare.

Da yake yawancinsu ba su yi lakol ba, wato boko, lamba ba za ta yi ba. Sai ya ce in riƙa tara masa ƙyallayen da ke raguwa a ɗinkina. A yaga ƙyalle biyu, a ɗaura rabi a jikin salula, rabi a ba mai ita ya ɗaura a yatsa. In an tashi, atamfa ta nemi 'yar'uwarta. Ba a taɓa samun musanya ba, sai rana ɗaya da na yi wa wasu 'yan biki anko, ƙyallen ya zo iri ɗaya, aka kusa dambe.

Ranar farko wani saurayi mai kabu-kabu ya miƙa tasa, ya leƙa bango ya ce, "Tsoho, wannan ai na gan shi a salulata. Ba ni abata in tafi."

Kaka ya ce, "Salularka na cin abinci. Ba a tada mai cin abinci."

"To mi zan zauna yi? Na san ƙarshenshi."

"Ka san ƙarshenshi. Ka san abin da mahauci za ya ce?"

Ya zauna yana ƙunƙuni, hannunsa na ta lalube aljihu yana neman abin da ba ya nan. Da aka zo shari'a, wallahi shi ya fi kowa ɗaga murya, har ya hau kan benci, Kaka na buga masa sanda a ƙafa yana cewa sauko, ɗan nema. Tun daga ranar bai ƙara fashi ba.

Ɗakin bai koma kamar da ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ya cika daidai gwargwado, ya yi zafi, ya yi warin zufa da daddawa da ƙuli-ƙuli, an ci gaba da gardama ta saman zana. Kaka ya ce, "Annoba ta koya musu zama su kaɗai, ba laifinsu ba ne. Jaki ma in ya daɗe bai ja amalanke ba sai an sake horonshi." Masu cewa silima ta mutu, ni ban san abin da ke faruwa a manyan birane ba, ban je ba. Na dai san a Gazawa wani tsoho ya gane cewa ba fim mutane suka rasa ba, fim kam ga shi nan a aljihun kowa. Wanda za su juya su ce masa, "Ka gani ko?" shi suka rasa.

Da ciwo ya kwantar da shi ni nake buɗewa, sai dai ban taɓa yin shari'a ba, fim nake bari ya wuce har ƙarshe. In na dawo da yamma ba ya tambayata wane fim na sa. Cewa yake, "Wa ya zo? Mai man gyaɗa ta zo? Mi ta ce?" Ranar kasuwar ƙarshe da ya gani a duniya na faɗa masa gaskiya, na ce ban tsayar ba, ina jin nauyi. Ya harare ni daga kwance ya ce, "Nauyin wa? Tsayar ki tambaye su. Ba ke za ki amsa ba."

Bayan an tashi makoki Baffa ya aiko mini, ya ce ranar kasuwa da safe in je in buɗe wa 'yan dako, aya za ta iso. Majigi da sola kuma a bar su inda suke, zai nemi mai saye.

Na je na buɗe. Ɗakin fayau, ba benci ko ɗaya, sai katakon caji da farin bango. Amalanken jakuna suka fara isowa, buhuna a kai har suna rinjaya. Babban 'yan dakon, wani ƙato mai furfura a gemu, ya sauke na farko ya ce, "Uwar ɗaki, ta wace kusurwa za mu fara jibgewa?"

Na ce, "Ba jibgewa za ku yi ba. Kwantar da su za ku yi layi-layi, kowane layi na kallon bango. Ku bar hanya a tsakiya, zan kafa zana."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya sake dubana. Sai ya yi murmushi, don shi ma a ɗakin nan ya girma. Ya ce, "Alhaji ya sani?"

Na ce, "Za ya sani."

Kafin azahar mutanen ƙauye sun fara taruwa a ƙofa da ledojinsu. Wasu ba su ji an ce za a rufe ba, wasu sun ji amma suka zo su gani da idonsu. Na zauna a bakin ƙofa ina yaga ƙyalle ina ɗaurawa, hannuna na rawa, ni kam rawar gaske. Suka shiga suka zauna a kan buhuna, maza dama, mata hagu. Wani ya ce ai aya ta fi benci taushi. 'Yan dakon ma da suka gama, maimakon su tafi, sai suka samu layin baya suka zauna.

Na sa fim. Da ya zo inda ya yi zafi na ce bismillahi na tsayar. Na tashi na janye bargon taga, haske ya shigo. Sai ga Baffa tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe yake nan ba.

Ya ce, "Ku tashi mini daga kan aya."

Ba wanda ya motsa. Ya juya ga 'yan dako ya ce, "Kai! Aikin da na sa ku ke nan? Ku kwashe su ku jera har rufi."

Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, da mutanen a kai? Ka yi haƙuri a ƙare, an zo wurin da ya yi zafi."

Baffa ya keta ta tsakiyar ɗakin ya nufi katakon caji, ya kama babbar wayar zai fizge. Nan ɗakin ya ɗauka. "Alhaji, tawa ba ta cika ba!" "Alhaji, ta mutum biyar ce a ledata!" Wata dattijuwa ta miƙe daga ɓangaren mata, ƙyalle a yatsarta, ta ce, "Ɗana na Agadas, ran kasuwa kaɗai yake samuna. In ka zare, kai za ka gaya mishi ina raye?"

Ya tsaya da wayar a hannu. Da yawa daga cikin masu ihun a gonakinsu yake sayen aya, ya san su sun san shi. A hankali ya sake ta. Ya juyo wurina, idonsa ya yi ja, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kasuwa mai zuwa kwaɗo zan sa."

Na ce, "Ka sa, Baffa, ginin naka ne. Ni kuma zan kafa rumfa a ƙofarshi in rufe ta da barguna."

Ya ce, "Taurin kan tsohon nan kika kwaso duka."

Na ce, "Shi kaɗai ne ba ku raba ba, Baffa."

Sai ya sa hannun riga ya goge fuska, ya bi ta tsakanin buhunansa ya fita, mutane na janye masa ƙafa.

Allah shi jiƙan Kaka, shi haskaka kabarinshi, shi sa ya huta. Mu kuma in tamu ta zo shi sa mu cika da imani. Kasuwa mai zuwa ina nan bayan azahar, da kwaɗo ko babu.